Muhawara: Shin awon lotsawar kwalta kaɗai ya isa a yanke hukunci kan gyaran hanya?

Matashin injiniya

Assalamu alaikum, manyanmu da abokan aiki. Ina neman shawararku a kan wani rahoto da aka miƙo mini domin in duba kafin a amince da shi. An auna lotsawar wata hanyar kwalta da sandar Benkelman, aka ɗauki matsakaicin sakamakon hanyar gaba ɗaya, sannan aka ba da shawarar a ɗora sabuwar kwalta mai kauri ɗaya daga farko har ƙarshe. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, akwai sassa biyu da lotsawarsu ta zo kusan daidai a rahoton, amma ɗaya ya tsattsage ƙwarai a sawun taya, ɗayan kuwa samansa lafiya lau, sai dai ya ɗan zauna. Idan lotsawa ita ce ke nuna ƙarfin hanya, me ya sa sassa biyu masu lotsawa iri ɗaya za su lalace ta fuska daban? Kuma ya halatta a ba su magani ɗaya?

Tsohon injiniyan hanya

Wa alaikumus salam. Injiniya, ka yi kyakkyawar tambaya, kuma ka kyauta da ba ka sa hannu ba tukuna. Kafin mu je ga fassara, ina so mu tabbatar da cewa alƙaluman da ke gabanka sahihai ne, domin sandar Benkelman kayan aiki ce mai sauƙi, amma sauƙin nata ne ke sa mutane sakaci da ita.

A. C. Benkelman ya ƙirƙiro ta a 1953 a lokacin gwajin hanya na WASHO, ƙungiyar jami'an hanyoyi na jihohin yammacin Amurka, a jihar Idaho ta Amurka, kuma tsarinta bai canza sosai ba har yau. Doguwar sanda ce mai tsawon mita 3.66 da ke juyawa a kan maƙalli, mita 2.44 a gaban maƙallin, mita 1.22 a bayansa. Ana zura bakinta tsakanin tagwayen tayoyin baya na babbar mota wadda aka yi wa lodi har aksul ɗinta na baya, wato sandar ƙarfen da ke haɗa tayoyin hagu da na dama, ya kai kilonyutin 80, wato kimanin tan 8.2, iskar taya kuma kimanin kilofaskal 550. Idan motar ta gusa gaba a hankali, kwaltar da ta lotsa takan farfaɗo, agogon awo da ke ƙarshen sandar ya nuna motsin. Tunda ɓangaren gaba ya ninka na baya sau biyu, abin da agogon ya nuna rabin ainihin motsin ne, sai an ninka shi. Wasu sandunan kuma agogonsu ya riga ya ninka tun daga masana'anta, don haka wanda bai san irin sandar da ke hannunsa ba yana iya ninkawa sau biyu ko ya ƙi ninkawa sam.

Ka duba mini abubuwa huɗu a rahoton. An ɗora motar a sikeli an rubuta nauyin aksul ɗin, ko ƙiyasi aka yi? An rubuta zafin cikin kwaltar a lokacin awo? A wane lokaci na shekara aka yi aikin? Sannan an ɗauki karatun tsakiya, wato lokacin da motar ta gusa mita 2.7, ko na farko da na ƙarshe kawai aka rubuta?

Matashin injiniya

Ranka ya daɗe, an rubuta nauyin aksul da iskar taya, kuma akwai shaidar sikeli. Zafi kuwa sau ɗaya aka rubuta shi a kowace rana, kuma na iska ne, ba na kwalta ba. An yi aikin a tsakiyar rani, kuma karatu biyu ne kawai a kowane wuri, na farko da na ƙarshe.

Malamar jami'a

Injiniya, bari in amsa ainihin tambayarka, sauran in bar wa Baba, wanda ya fi ni sanin aikin fili. Lotsawar da ake aunawa a ƙarƙashin taya jimla ce ta matsewar dukkan shimfiɗun hanya: kwalta, shimfiɗar dutse, shimfiɗar marmara, da ƙasar tushe da hanyar ta zauna a kai. Jimla kuwa ba ta faɗin wanda ya ba da kaso mafi yawa. Wanda ke faɗin haka shi ne siffar kwarmin da hanya ke yi a kewayen nauyin, wato yadda lotsawar ke raguwa yayin da kake nisa da tsakiya.

Wannan ne dalilin da ya sa na'urar sakin nauyi, wadda aka fi sani da FWD, ta mamaye wannan aiki. Tana sakin ƙarfe mai nauyi ya faɗo a kan robobi da ke bisa faranti mai faɗin milimita 300, ya haifar da bugu na kilonyutin 40, rabin aksul na 80 ke nan, wanda ke ɗaukar milisakan 25 zuwa 30, kusan yadda tayar mota mai gudu ke danna wuri ta wuce. Na'urorin jin motsi bakwai ko tara, waɗanda ake kira jiyofon, suna jere daga tsakiyar farantin zuwa waje, galibi a milimita 0, 200, 300, 450, 600, 900, 1200, 1500 da 1800, kowanne yana ba da lotsawar wurinsa da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita.

Mu ɗauki misali na lissafi kawai. A ce sassan nan biyu duk sun lotsa maikiron 800 a tsakiya. A sashe na farko, a nisan milimita 300 lotsawar ta faɗo zuwa 350, a milimita 900 kuma ta koma 90. A sashe na biyu, a milimita 300 tana nan 650, a milimita 900 kuma 330. Na farko kwarminsa matsattse ne mai zurfi, bambancin tsakiya da milimita 300 ya kai 450, ma'ana saman hanyar yana lanƙwashewa da ƙarfi a ƙarƙashin kowace taya, ƙasan kwaltar yana miƙewa, kuma maimaita wannan miƙewar sau miliyoyi ne ke haifar da tsagewar da ka gani. Na biyu kwarminsa mai faɗi ne, bambancin 150 ne kacal, saman yana raba nauyi yadda ya kamata, amma ƙasar tushe ce ba ta da ƙarfi, shi ya sa hanyar ta zauna ba ta tsage ba.

Har ana iya ƙiyasta taurin ƙasar tushe daga jiyofon na nesa. Jagoran 1993 na AASHTO, ƙungiyar jami'an hanyoyi da sufuri na jihohin Amurka, ya ba da hanya mai sauƙi: a ninka nauyin da 0.24, a raba da lotsawar da aka ninka da nisan. A misalin nan, sashe na farko zai ba da tauri na kimanin megafaskal 120, na biyu kimanin 32. Ka ga lamba ɗaya a tsakiya, amma ƙasa biyu da suka sha bamban har kusan ninki huɗu. A ganina, ba su magani ɗaya ɓarnar dukiya ce a ɗaya, kuma rashin magance ciwo ne a ɗayan.

Injiniyan ɗan kwangila

Malama, bayaninki ya fito sarai, amma ina da ja a kan inda maganar ta dosa. Duk lokacin da aka tayar da wannan batu sai a ƙare da cewa a nemo FWD, alhali ba kowace hukuma ko kamfani ke da ita ba, kuma inda take ma sau da yawa ta daɗe ba a daidaita ta ba. An tsara gyaran dubban kilomitoci a duniya da sandar Benkelman, hanyoyin kuma sun yi aiki. Indiya tana da ƙa'idarta ta IRC 81 da aka gina kacokan a kan wannan sanda, Asphalt Institute na Amurka ma yana da tasa hanyar.

Abu na biyu, ni ban gamsu da lissafin komawa baya da ake yi da sakamakon FWD ba. Ana ba kwamfuta kwarmin lotsawa, ita kuma ta riƙa canza taurin shimfiɗu har sai kwarmin da ta lissafa ya dace da wanda aka auna. Na sha ganin mutum biyu sun shigar da bayanai iri ɗaya cikin manhaja, sun fito da amsa daban, wani lokaci ma shimfiɗar marmara ta fito ta fi ta dutse tauri, abin da duk wanda ya taɓa tona hanya ya san da wuya ya faru. Gogaggen injiniya da ya taka hanyar da ƙafarsa, ya dubi irin tsagewar da yanayin magudanar ruwa, zai gaya maka abin da Malama ta faɗa ba tare da jiyofon ko ɗaya ba.

Shugaban ɗakin gwaji

Injiniya, rabin maganarka gaskiya ce, kuma ita ce rabin da ya shafi lissafin komawa baya. Amma laifin ba na na'urar ba ne, na bayanan da aka ciyar da manhajar ne. Lissafin ya dogara ne kacokan a kan kaurin kowace shimfiɗa. Idan ka gaya wa kwamfuta kwaltar milimita 100 ce alhali 70 ce, za ta rage taurin kwaltar domin ta cike giɓin, kuma kuskuren zai gangara zuwa shimfiɗun ƙasa. Mutane da yawa suna ɗaukar kaurin daga zanen da aka gina hanyar da shi shekaru da suka wuce, wanda ba lallai ya dace da abin da ke ƙasa ba. Dole a yanko samfurin kwalta da injin huda, a tona ramukan gwaji, ko a bi hanyar da radar mai leƙa ƙarƙashin ƙasa sannan a tabbatar da sakamakonta da 'yan samfurori. Haka kuma idan kwaltar ba ta kai kimanin milimita 75 ba, ba a samun taurinta da tabbaci ta wannan lissafi, saboda farantin ya fi ta faɗi nesa ba kusa ba. Gara a sanya mata ƙima mai ma'ana a bar kwamfuta ta nemi na sauran.

Inda ban yarda da kai ba shi ne batun ido. Ido yana ganin ɓarnar da ta riga ta fito fili. Hanyar da aka yi wa sabon rufi siriri watanni kaɗan da suka wuce za ta yi kyau a ido ko da ƙarƙashinta ya ruɓe, kuma awon lotsawa ne zai tona asirinta kafin damina ta tona. Akwai kuma akasin haka, wanda ya kamata matashin injiniyanmu ya riƙe: hanya tana iya ba da lotsawa ƙarama ƙwarai amma sawun taya ya zurma, kwaltar ta tunkuɗo gefe. Wannan ba raunin tushe ba ne, haɗin kwaltar ne bai yi ba, ko bitumin, wato baƙin man da ke ɗaure tsakuwar kwalta, ya yi yawa ko gurbin iska ya yi kaɗan, sai ta riƙa gudu cikin zafi. Wanda ya dogara da lotsawa kaɗai zai ce hanyar lafiyarta ƙalau, ko ya ɗora sabuwa a kan mai gudu, alhali abin da take bukata shi ne a kankare wannan shimfiɗar a zuba wata.

Game da zafi kuwa, rahoton nan yana da babban giɓi. Kwalta tana laushi idan ta yi zafi, don haka wuri ɗaya zai ba da lotsawa daban da safe da azahar, kuma da rana tsaka zafin kwalta yakan zarce na iska sosai. Ana huda ɗan rami a kwaltar, a ɗiga mai ko gilisarin a ciki, a saka ma'aunin zafi, a maimaita hakan lokaci lokaci cikin yini. Daga nan a mayar da kowane sakamako zuwa zafi guda na ƙa'ida. AASHTO na amfani da digiri 20, Indiya kuma 35, inda take gyara milimita 0.01 a kan kowane digiri, ta yadda milimita 1.10 da aka auna a digiri 45 zai koma 1.00. Ba tare da wannan ba, wani bambancin da ake gani tsakanin sassa yana iya zama bambancin sa'ar da aka isa wurin ne kawai.

Malamar jami'a

Na yarda da Injiniyan ɗan kwangila cewa lissafin komawa baya ba ya da amsa guda tilo, domin haɗin tauri daban daban suna iya ba da kwarmi kusan iri ɗaya. Ka'idar da ke ƙarƙashinsa, daga aikin Boussinesq na 1885 zuwa na Burmister da Odemark a shekarun 1940, tana ɗauka cewa kowace shimfiɗa bai ɗaya ce, ba tsaga a cikinta, kuma taurinta ba ya canzawa da girman nauyi. Kwaltar da ta tsattsage da tsakuwar da ba a haɗa ta da siminti ba duk sun saɓa wa wannan zato. Shi ya sa nake koya wa ɗalibai su fara duban kwarmin kansa kafin su buɗe manhajojin wannan lissafi irin su ELMOD ko EVERCALC. Bambancin tsakiya da milimita 300 yana magana a kan saman hanya, na 300 da 600 a kan shimfiɗun tsakiya, na 600 da 900 a kan na ƙasa. Injiniyoyin Afirka ta Kudu, musamman Horak, sun gina hanyar tantancewa a kan waɗannan bambance-bambance, kuma ba ta bukatar sanin kaurin shimfiɗa kafin ta nuna maka inda ya kamata ka tona.

Sai dai ina gargaɗi a kan wani abu da nake yawan gani: ɗaukar sakamakon sanda a ninka shi da wata lamba a ce ya zama na FWD, ko akasin haka. Motar Benkelman tana tafiya ne a hankali, kwalta kuwa tana ƙara lotsawa idan nauyi ya daɗe a kanta, don haka dangantakar awon biyu tana canzawa da kaurin kwalta, zafinta da irin ƙasar tushe. Wanda zai yi amfani da jadawalin da aka gina a kan sanda, to ya auna da sanda kuma da nauyin da jadawalin ya tanada. Jadawalan Ingila, alal misali, an gina su a kan aksul na kilogiram 6,350, ba tan 8.2 ba.

Tsohon injiniyan hanya

'Yata, kin taɓo abin da nake son zuwa gare shi. Injiniya, amsoshin da ka ba ni sun nuna matsaloli uku, kuma wanda ya fi damuna shi ne lokacin awon. Ƙasar tushe tana kai wa ƙarshen rauninta ne bayan ta sha ruwa, wato ƙarshen damina, kuma a lokacin ne hanya ke shan mafi yawan ɓarnarta. Awon tsakiyar rani yana nuna hanyar a ranar da ta fi ƙarfi. Ƙasa mai yashi ba ta cika canzawa ba, amma mai yumɓu, musamman inda gwata ta toshe ko ruwa ke kwanciya a gefe, lotsawarta tana iya ƙaruwa sosai. Ina kyautata zaton sashen nan naka da ya zauna yana cikin irin wannan wuri, kuma idan haka ne, ainihin lotsawarsa ta fi wadda ke cikin rahoton.

Na biyu shi ne rashin karatun tsakiya. Ƙafafun gaba na sandar suna tsaye ne a kan hanyar, kuma idan kwarmin yana da faɗi, su ma suna cikinsa, suna motsi tare da abin da ake aunawa, sai sakamakon ya fito ƙasa da gaskiya. Ƙa'idar Indiya ta ce idan bambancin karatun tsakiya da na ƙarshe ya wuce milimita 0.025, sai an yi gyara. Ka lura cewa sashen da ƙasar tushensa ke da rauni shi ne mai faɗin kwarmi, don haka shi ne wannan kuskure ya fi shafa.

Na uku, ɗaukar matsakaicin hanya gaba ɗaya ba hanyar aiki ba ce. Ana fara raba hanya zuwa sassa masu kama da juna, ta hanyar tara bambancin kowane awo da matsakaici a zana, duk inda layin ya karya to nan sashe ya canza. A kowane sashe kuma ba matsakaici ake tsara gyara da shi ba, domin kusan rabin sashen ya fi matsakaicin rauni. Ana ƙara masa ninki biyu na ma'aunin warwatsuwar alƙaluman idan babbar hanya ce. Sannan lotsawar da za a amince da ita ta danganta da yawan lodin da hanyar za ta ɗauka nan gaba. Gwajin hanya na AASHO, wato tsohon sunan AASHTO, na 1958 zuwa 1960 a jihar Illinois ta Amurka ya nuna cewa ɓarnar aksul tana ƙaruwa kusan kamar an ninka nauyinsa da kansa har huɗu a jere, ta yadda aksul mai tan 12 yana ɓarnar kusan biyar na mai tan 8. Idan rahoton bai ƙirga manyan motoci ya auna lodinsu ba, ban san daga ina kaurin da ya ba da shawara ya fito ba.

Jami'ar kula da hanyoyi

Gafarta, Baba, ina da tambaya daga gefen masu tsara kasafi. Sanda da FWD duk sai an tsayar da mota an rufe layi. Motocin nan da ke auna lotsawa suna gudu, za su iya maye gurbinsu?

Malamar jami'a

Hajiya, ƙoƙarin kauce wa tsayawa ya daɗe. Motar Lacroix ta Faransa tana auna lotsawa tana tafiya, amma da saurin kilomita 2 zuwa 4 a awa. Ta zamani, TSD, wadda kamfanin Greenwood na Denmak ke ƙerawa, tirela ce mai lodi da ke gudu har kilomita 80 a awa, tana amfani da hasken leza wajen auna saurin da saman hanya ke nitsewa a gaban taya, daga nan a lissafo gangaren kwarmin. Amfaninta shi ne tace hanyoyi masu yawa a gano sassan da ke da rauni, sannan a tura FWD da masu tona rami can. Ga aikin kasafi irin naku ta dace ƙwarai, amma ga tsara kaurin gyaran sashe guda, har yanzu na fi natsuwa da awon tsaye.

Injiniyan ɗan kwangila

Na karɓi maganar zafi da damina da rabon sassa, domin duk ana iya yin su da sanda. Amma har yanzu ina kan bakana cewa ga ƙaramar hanya mai siririyar kwalta, sanda da ramukan gwaji sun wadatar, kuma Shugaban ɗakin gwaji da kansa ya ce lissafin FWD ba ya kama taurin siririyar kwalta.

Matashin injiniya

Na gode, manyana. Hanyar babba ce mai yawan tireloli, amma samun FWD zai ɗauki lokaci. Mece ce mafi ƙarancin abin da zan nema kafin in amince da rahoton?

Tsohon injiniyan hanya

Ka mayar da shi da sharuɗɗa a rubuce. A sake awon a sawun taya na waje da zarar damina ta ja baya, da karatu uku a kowane wuri da zafin cikin kwalta. A raba hanyar sassa, a haɗa sakamakon kowane sashe da taswirar tsagewa da zurfin sawun taya da yanayin magudanar ruwa. A ƙirga manyan motoci a ɗora wasunsu a sikeli. Idan aka tsayar da motar a tazara gajeru ana karanta agogon a kowace tsayawa, sandar ma za ta ba ka siffar kwarmin gwargwado, ko da ba ta kai ta jiyofon ba. Tunda hanyar babba ce, ni da zan matsa a kawo FWD ko da ga sassan nan biyu ne kawai.

Shugaban ɗakin gwaji

Ƙari ɗaya a kan na Baba. A kowane sashe ka sa a tona rami a wurin da lotsawa ta fi yawa da kuma wurin da ta fi ƙanƙanta, a auna kaurin shimfiɗu, a ɗebi ƙasa a rufe ta nan take domin gwajin danshi. Daga ƙasan ramin a buga DCP, wato sandar ƙarfe mai tsini da ake kafawa cikin ƙasa, mai gudumar kilogiram 8 da ke faɗowa daga milimita 575, domin a ga ƙarfin ƙasar tushe da zurfin da ya fara canzawa. A sashen da ya tsattsage kuma a yanko samfuri a kan tsagar kanta, a ga ko daga ƙasan kwaltar ta taso ko daga sama ta fara, domin idan ta ratsa kaurin gaba ɗaya, sabuwar kwaltar da aka ɗora za ta tsage a daidai wurin sai an kankare tsohuwar tukuna.